Gayyar Taurarin Da Na Kira A Tsibiri

A lokacin da abin nan ya same ni ban daɗe da ajiye alli ba. Na yi shekaru ina mushe a lakwal, wato malamin makaranta, da na yi ritaya sai na gyara gidana na bakin hanyar Tsibiri ya zama masaukin baƙi. Yawancin baƙina ma'aikatan ƙungiyoyi ne masu zuwa duba noman rani a Jiratawa, irin mutanen da ba sa tambayar ɗan kabu-kabu inda za su kwana, salularsu suke tambaya. Wani mai siber, wato shagon kwamfuta, ya buɗe mini shafi a intanet, baƙo in zai tafi sai ya rubuta ra'ayinsa a can ya ba ni taurarin yabo. Duk wanda ya nemi masauki a Maraɗi sai ya ga sunana da taurari jere a ƙarƙashinsa. Ni kuwa har wani kumbura nake yi.

Wata safiya na duba, taurarin nan sun ɓace, sunana kawai tsirara. Mai siber ya ce masu injin binciken ne suka canza doka, yanzu ba sa nuna taurarin da mutum ya tara a shafin kansa, sai waɗanda aka ba shi a wajensu, a kan taswirarsu ta intanet. A can kuwa nawa ba su da yawa, har da na wani da ya kushe ni wai sauro ya cije shi. Sauro da damina a Maraɗi, jama'a! Ni na halicce shi? Abin da ya fi ƙona mini rai, babu ofishin da zan je, babu wanda zan kama in yi wa faɗa. Ana cikin haka wata ma'aikaciyar ƙungiya ta zo ta ga ɗakuna, ta ce sun yi mata, za su kawo mutane horo na tsawon lokaci, amma manyanta a Yamai sai sun duba intanet kafin su yarda. Baƙi sun riga sun ragu, na san in aikin nan ya kuɓuce mini masaukin ba zai kai kaka ba.

A makon ne aka yi suna gidan ƙanena a Tsibiri. Mu dai tun tasowarmu, in gona ta fi ƙarfin mutum gayya yake kira, to ni ma gayyar na kira. Ana gama raɗin suna na miƙe na roƙi dangi kowa ya fito da salularsa ya ba ni taurari biyar a kan taswirar. Wallahi ba wanda ya ƙi, wanda bai iya ba ya miƙa wa wanda ya iya. Gwaggona ta sa aka rubuta mata cewa ita ta goye ni, Allah ya yi mini albarka. Kawuna ya rubuta wai ban taɓa fashin jam'i ba. Wani ma addu'a ya yi wa jaririn, Allah ya raya. Ba wanda ya ambaci gado ko ruwa ko abinci, don ba wanda ya taɓa kwana a wurin.

Farin cikina bai je ko'ina ba. Aka share taurarin dangin kaf, har da wasu na baƙina na gaskiya, sannan aka manna gargaɗi ƙarƙashin sunana cewa an gano ra'ayoyin bogi. Ni, da na ƙare ƙuruciyata ina hana yara satar amsa! Ma'aikaciyar ƙungiyar nan ta kira ni tana ta kame-kame, tana baba ka yi haƙuri, manya sun ga gargaɗin sun ƙi. Ina zaune a ƙofa motocinsu suka wuce ni zuwa wani otal. Na sallami mai dafa abinci, rabin ɗakunan yanzu buhunan geron wani ɗan kasuwa ne ke kwana a ciki.

Har gobe ina jin haushin masu canza doka su rusa mutum ba su san ma yana duniya ba. Amma na gane na'urar nan ba ta san zumunci ba, abin da muke kira taimakon ɗan'uwa ita maguɗi take ganinsa. Masu sana'a, don Allah ku roƙi wanda ya ci abincinku ko ya kwana a ɗakinku ya rubuta, ko da ɗaya-ɗaya ne, ku bar dangi su yi muku addu'a da baki. Ni ga shi duk haɗuwarmu da gwaggo sai ta tambaye ni ko taurarinsu sun kawo mini baƙi, fuskarta cike da murna. Sai in ce mata sun kawo, na gode.