Kofur Lado Ba Ya Ji

A Gazara, idan mutum biyu suka saɓa a kan iyakar gona ko akuyar da ta shiga rake, wurin Kofur Lado ake kai su, domin kowa ya shaida babu wanda ya kai shi iya sauraro. Zai zauna a kan benci a ƙofar gidansa, ya miƙe ƙafar da ke masa ciwo, ya kafe mai magana da ido har ya gama, ba zai katse shi ba ko da zagi ya shigo ciki. Sannan ya juya ga ɗayan ya yi masa haka. Idan duk sun gaji sai ya ce, "To, na ji. A yi haƙuri, a dubi zumunci." Yawanci a nan ake watsewa, kowa na ganin yau an fahimce shi. An yi shekaru ana yabon wannan hali nasa kafin a gane cewa Kofur Lado kurma ne.

Sunansa na yanka Muhammadu Lawal. Ɗan manomin rake ne, ya taɓa sakandare a Makarfi, ya shiga soja, a cewarsa, don ya gaji da ƙaiƙayin ganyen rake. Aka saka shi ɓangaren igwa, inda aikinsa shi ne tsayawa kusa da ƙarar da kowa ke gudu. An taɓa raba musu wasu 'yan robobi na toshe kunne. Lado ya juya su a tafin hannu, ya ga sun yi kyau, ya aiko da su gida aka ba 'yarsa ta yi wasa. Daga baya, a dajin Arewa maso Gabas, motarsu ta taka nakiya, gwiwarsa ta hagu ta lalace, aka sallame shi. Ya dawo gida da ɗingishi, da wani kuka kamar na gyare a cikin kai. Kunnen dama ya riga ya yi ritaya kafin mai shi. Na hagu akwai ɗan saura, amma sai an sa baki a kai an yi ihu.

Ɗingishin bai dame shi ba, rauni ne na maza, har yakan ɗage wando ya nuna tabon ba tare da an tambaya ba. Kunnen ne ya ɓoye. Ya san garinsu. Yau in aka ce kurma, to an raɗa masa suna ke nan, har jikokinsa sai an ce jikokin Lado Kurma.

Abin da ya rufa masa asiri gaisuwa ce. A wannan ƙasa gaisuwa tana da layi kamar fareti: kwana, gajiya, iyali, aiki, sannan jiki in akwai ciwo. Lado ya lura ba sai ya ji ba. Da bakin mutum ya tsaya sai ya ce lafiya lau, ya sake tsayawa ya ce ba gajiya, na uku alhamdulillahi, na huɗu da godiya, na biyar da sauƙi. In magana ta zarce haka, yana da madalla a ajiye. Da wannan ya yi sallar idi, ya yi ta'aziyya, ya karɓi sadakin 'yarsa. A masallaci kafaɗar na kusa da shi ce limaminsa.

Mutum biyu ne suka sani. Matarsa Suwaiba, wadda ya sa ta yi masa alkawarin yin shiru. Sai Gambo na Likoro, ɗan gwaggonsa, mai cinikin masara, wanda ya gano da kansa ya ƙi gaya wa kowa saboda abin ya yi masa daɗi da yawa. Da yake taubasai ne, Gambo kaɗai ke da izinin kama kunnen Lado ya yi ihu a ciki a bainar jama'a, mutane su ce wasa ne.

Da aka kira Lado gaban kwamitin likitocin da ke auna nakasar tsofaffin sojoji, ya sha guga ya tafi birni. Aikin kwamitin shi ne su duba mutum su ce kashi nawa cikin ɗari na jikinsa ya lalace a bakin aiki, a kan wannan ake yanka masa abin da za a riƙa ba shi, da irin kayan asibitin da ya cancanta. Likitan da ya same shi matashi ne mai tarbiyya. Ya gaishe shi gaisuwar manya, tun daga kwana har jiki, Lado bai faɗi ko ɗaya ba. Na'urar gwajin kunne tana gefe a lulluɓe, an ɗauke wuta. Likita ya ga babu dalilin jiran wuta a kan mutumin da ya amsa tambaya biyar daidai, ya duƙa ya yi rubutu. Da aka zo kan gwiwa ya matsa ta, Lado ya ga taurari da rana tsaka, amma ya ga bakin likita ya tsaya, sai ya ce, "Da sauƙi, yallaɓai."

Sakamako ya fito. Gwiwa kashi goma, tana samun sauƙi. Kunnuwa garau.

Gambo ya zo har gida, ya kama kunnen hagu ya yi ihu. "Kashi goma suka ba ka? Ai jaririn gidana ya fi haka kafin azahar!"

"Kai wa ya taɓa auna ka?" in ji Lado. "Ni gwamnati ta duba ta ce kashi casa'in nawa lafiyayye ne. Kai ko a ma'aunin masara sai an ƙara da tsakuwa."

Ya ma ɗan ji daɗi. Ga shaidar hukuma cewa kunnensa ƙalau. Da nan abin ya tsaya, da har yau yana kan benci yana sasanta mutane.

Sai dai yana da 'ya, Khairunnisa, wadda ta ci sunan mahaifiyarsa, shi ya sa yake ce mata Uwata. Aure ya kai ta Fatakwal. Duk Juma'a takan kira, Suwaiba ta miƙa masa waya tana ɗaga masa yatsa a duk inda ya kamata ya amsa, in gaisuwa ta ƙare ya ce, "Allah ya yi miki albarka, ga uwarki." Wata Juma'a Suwaiba ta tafi gidan suna. Waya ta haska, ya ga hoton 'yarsa, ya ce a ransa ai ya san hanya. Ya kara a kunnen hagu, yana jin muryarta kamar sauro a wani ɗaki. Ya amsa biyar ɗin. Muryar ta ci gaba, ta yi tsawo, ta tsaya. Lado ya ce, "Madalla, madalla. Allah ya maimaita mana."

Daga ranar waya ba ta sake haskawa da hotonta ba.

Suwaiba ba ta yi masa maganar a gida ba, domin maganar da sai an yi ihu ba ta zaman gida. Ta bi shi gona, ta ja shi tsakiyar rake inda babu kowa, ta sa baki a kunnensa.

"Malam, ka san abin da yarinyar nan ta gaya maka? Ɓari ta yi. Cikin da muke ta jira."

Lado ya zauna a kan kunyar rake, a cikin ƙaiƙayin da ya gudar wa tun yana saurayi.

"Ki gaya mata," ya ce. "Na yafe miki alkawarin."

"Na riga na gaya mata, Allah ya yafe mini. Ta ce in daina rufa maka. Ta ce Baban da duk gari ke kai wa ƙara ne ba ya ji? Ta ce ka amsa mata gaisuwa tiryan-tiryan, sai da ta zo kan ciwonta kunnen ya toshe? Har ta ce ai likitoci sun ce garau kake, kai ka aika mata hoton takardar."

Gaskiya ne, shi ya aika, don alfahari.

A Ikara akwai wani tsohon saje da ke taimaka wa 'yan uwansa tsofaffin sojoji da harkar takardu. Shi ya yi wa Lado bayani a rubuce, bayan ya gaji da ihu: akwai abin da ake maƙalawa a kunne ya ƙara ji, amma ba a ba wanda kwamiti ya ce kunnensa garau. Sai ya ɗaukaka ƙara, kuma sau ɗaya ake yi. In aka sake cewa garau, an rufe maganar. Saje ya ja layi a ƙarƙashin shawararsa ta ƙarshe: ka buɗe baki ka ce ba ka ji.

Lado ya yi ta gwadawa a gona. "Ba na ji." A bakinsa maganar ta fi kama da ta yaron da ya gagari iyayensa. Da ya gwada a gaban Gambo, Gambo ya kama kunnen ya ce, "Wannan ai tun kana yaro gwaggonka ke faɗa, ba sai likita ba!" Duk da haka shi ya rufe rumfarsa ya raka shi birni.

Wannan karon likitoci uku ne a bayan tebur, babbansu mai furfura, da abin rufe hanci da baki. Lado ya ƙame, aka nuna masa kujera. Ya shirya maganarsa tun daga tasha. Amma babban likita ya ɗago kai, ƙyallen bakinsa ya motsa ya tsaya, sai Lado ya ji bakinsa ya tafi ba da izininsa ba. Lafiya lau. Ba gajiya. Alhamdulillahi. Da godiya. Da sauƙi. Yana kallo likita ya ɗaga gira, ya dubi na kusa da shi, biro ya nufi takarda.

Lado ya miƙe. Ya ɗauki kujerarsa ya juya ta, ya zauna yana fuskantar bango, ya ba manyan hafsoshi uku ƙeya, abin da a da zai kai shi gadurum.

"Yallaɓai, a gafarce ni," ya ce wa bango. "Ba na ji. Gaisuwa ce kawai na haddace. Ku yi mini kowace magana, amma don Allah kada ku gaishe ni."

Bango fari ne, da wata ƙadangaruwa a sama. Lado ya zuba mata ido. Bai san ko suna magana ba, bai san ko sun fita ba. Abin da ya faru a bayansa daga bakin Gambo aka ji, don haka sai a rage wani abu. Wai likita ya kira lambarsa ta soja, shiru. Ya ba da umarnin a miƙe tsaye da muryar fareti, shiru. Sai Gambo ya nemi izini ya ce shi ya san inda ake taɓa shi, ya fara daga satar mangwaron da suka yi suna yara har zuwa budurwar da ta ƙi Lado a Kudan saboda hancinsa.

Shirun ya yi wa Lado tsawo. Ya ji daɓen ɗakin yana ɗan rawa a ƙarƙashin ƙafarsa, ya ce a ransa lalle an yi magana, kuma rashin amsa rashin ladabi ne. Ya gyara murya ya ce, "Madalla."

Ranar akwai wuta. Aka yaye wa na'ura lulluɓi, aka sa masa abin kunne, aka ce ya ɗaga hannu in ya ji ƙara. Hannun bai sha wahala ba.

An ɗauki lokaci kafin abin ya iso, har aka sare rake aka dasa wani. Kashin da aka ba shi ya ƙaru sosai, kuma Lado yakan ce shi ne mutum na farko a Gazara da ya yi murna da aka tabbatar masa ya fi yadda ake zato lalacewa. Sunan da yake gudu ya same shi tun kafin ya sauka daga mota. Masu kawo ƙara suka ragu, wasu ma suka dawo suna neman a sake musu shari'a.

Ranar da aka maƙala masa abin a kunnen hagu, bai gaya wa kowa ba, ya ja hula ya rufe. Da safe sai ga Gambo a kan babur, ya tsaya a ƙofar gida da fuskar mutunci, ya yi magana a hankali yadda ya saba.

"Ina kwana, ɓarawon kaji?"

"Lafiya lau."

"Ina gajiyar cin tuwon mata?"

"Ba gajiya," in ji Lado. "Yaya masarar da kake jiƙawa kafin ka auna?"

Gambo ya kusa faɗuwa da babur.

Bayan ya tafi, Lado ya karɓi wayar Suwaiba, domin an daina ɗaukar tasa. Ya koma zaure shi kaɗai ya kira. Muryar da ta amsa ta girmi wadda ya sani. Rabon da ya ji ta sosai tun tana 'yar makaranta. Da ta gane shi ne, ta gaishe shi, domin tarbiyya ba ta bari a fasa. Kwana, gajiya, mutanen gida, aiki, jiki. Ya amsa. Sannan ta yi shiru a daidai inda ya saba cewa ga uwarki. A bayan shirun ya ji ruwa yana zuba a kan kwano a can Fatakwal.

"Ruwa ake yi a wurinku, Uwata?"

Ta ce, "Baba, ka ji shi?"

"Na ji shi. Uwarki tana ciki, ba zan kira ta ba. Wancan zancen da kika yi mini ran nan, ki faro shi daga farko. Ki yi a hankali, kunnen sabo ne."