Wasan da Ba Ya Cin Data

Saura wata goma sha ɗaya bizata ta ƙare wani kamfanin wasannin waya na ƙasar Sin ya ɗauke ni aiki. Na gama karatun kwamfuta a Landan, an ba ni izinin zama na shekara biyu, na cinye fiye da shekara guda ina jera gwangwanaye a wani kanti a unguwar Lewisham. Ƙa'idar kuwa a fili take: ko in samu kamfanin da zai tsaya mini a sabunta takardata, ko in tattara nawa ya nawa in koma Kano. Ba na son komawa hannu rabbana, kuma ba zan ɓoye ba, tsoron hakan ya fi sanyin garin damuna.

Ofishinsu yana Croydon ne a kudancin Landan, ɗaki biyu a saman wani shagon katifa. Babban kamfanin yana birnin Chengdu a can Sin, nan kuwa mu shida ne: Sinawa huɗu, wani ɗan Brazil da aka ɗauka don kasuwar ƙasarsu, sai ni da aka ɗauka don Najeriya. Shugabar ofishin 'yar gajeruwar mace ce, ba za ta girmi yayata ba, kullum tana rungume da fulas ɗin ruwan zafi ko da ana rani. Ranar farko ta faɗa mini gaskiya ba kwana-kwana.

"Idan wasan ya karɓu a Najeriya, za mu tsaya maka a kan biza," in ji ta. "Idan bai karɓu ba, ni ma ba ni da bakin magana."

Wasan na noma ne. Za a ba ka fili, ka yi shuka, ka yi kiwo, ka kai kasuwa. A ƙasarsu ya yi farin jini, shi ne suke son fita da shi duniya. Aikina in mayar da shi Hausa, in kuma duba abin da mutanenmu ba za su lamunta ba. Da na buɗe shi, abin da na fara cin karo da shi garken aladu ne, ƙosassu, har da murmushinsu. Na ce a kwashe su a zuba awaki. Wurin dafa giyar shinkafa na mayar da shi wurin dama fura. Karen da ke kwana a kan gadon manomi na ce a fitar da shi waje, don ko kakata ta gani sai ta jefar da wayar. Ba su yi gardama ba ko kaɗan. Duk abin da na faɗa sai su rubuta, washegari in tarar an gyara, har na fara jin kaina wani ne.

A kan data muka yi rigima. Wasan ba ya buɗuwa sai da intanet, ko ciyawa za ka yanka wa akuya. Na ce musu wannan ba zai yiwu a Kano ba. Wa zai ƙona datarsa a kan gonar ƙarya? Mutanenmu ma da yawa irin datar nan suke saya wadda ba ta buɗe komai sai hira. A wani taro da muka yi da manyan Chengdu ta bidiyo, wani injiniya ya ce ai data ba ta da tsada yanzu a ko'ina. Raina ya ɓaci. Na tambaye shi ko ya taɓa kashe data tsakanin saƙo da saƙo don kada ta zurare. Ɗan Brazil ya sunkuyar da kai yana danne dariya.

Da muka fito, shugabar ta ja ni gefe.

"Ka san idan babu intanet ba za mu gan su ba?" ta ce. "Ba za su ga talla ba, ba za su sayi komai a ciki ba. Manyanmu abin da suka gani a allo suke yarda da shi."

"Za su sauke shi daga shagon manhaja ai," na ce. "Nan za ku ƙirga su. In suka saba, sauran mai sauƙi ne."

Ta kurɓi ruwan zafinta, sannan ta je ta tsaya kai da fata a kan maganata. Injiniyoyin suka yi kusan wata biyu suna aiki, suka fito da wanda ba ya buƙatar komai. Ranar har naman rago na saya na dafa a gida don murna.

Ƙanena yana da rumfa a kasuwar 'yan waya a Kano. Yana cajin waya, yana tura wa mutane finafinai da waƙoƙi da karatu a memori. Da aka saki wasan na kira shi na ce ya sauke ya gwada.

"Haba Yaya, da datata?" ya ce. "Turo min fayil ɗin mana."

Na tura masa. Ko na minti ɗaya ban yi tunani ba. A wurinmu haka ake yi, duk wanda ya samu abu mai kyau a waya sai ya tura wa na kusa da shi, waya da waya, ba ruwan kowa da intanet. Ni kaina duk wasan da na taɓa yi a Kano ta haka ya zo mini. Shekara uku a Landan da takardar digiri ba su cire mini wannan ba.

Sati biyu ba a yi ba ƙanena ya fara turo mini bidiyo. Ga masu adaidaita sahu a inuwa suna jiran fasinja, kowa yana ba awakinsa ruwa. Ga wani tela ya ajiye ɗinkin mutane yana girbin gero. Ga 'yan mata a wurin kitso suna musu a kan wadda gonarta ta fi girma. Ya ce sauran masu rumfa duk sun karɓa a wurinsa, har daga Gusau da Maraɗi ana tambaya. Ina cikin taragon jirgin ƙasan Croydon ina kallo ina dariya ni kaɗai, wata tsohuwar Baturiya ta tashi ta sauya kujera.

A bangon ofis akwai babban allo mai taswirar duniya. Duk inda aka sauke wasan daga shagon manhaja sai ɗigon haske ya fito. Brazil ta haskaka kamar gidan biki. Najeriya kuwa 'yan ɗigo ne a Legas, biyu-uku a Abuja. Kano baƙi ƙirin. Kullum da safe nakan tsaya a gabansa da jakata a kafaɗa, in ce gobe zai canza.

Sai da aka shiga sati na huɗu na gane abin da na yi. A Kano babu wanda ya sauke wasan daga shagon manhaja, don babu mai buƙatar hakan. Ba ya neman intanet, don ni na hana. Dubban mutane na iya yin sa daga safe zuwa yamma, a Chengdu ba za a ga ko mutum ɗaya ba.

Na kai wa shugabar bidiyoyin. Ta kalle su duka, na telan har sau biyu, tana murmushi. Ta tura wa manyanta da dogon bayani. Amsar ta dawo layi ɗaya, ta fassara mini: sun ji daɗin gani, amma bidiyo ba lissafi ba ne.

Na kira ƙanena na ce ya gaya wa mutane su goge wasan su sake saukewa daga shago.

"Yaya, su goge abin da yake aiki lafiya lau, su sa datarsu su sauko da shi ɗin dai?" ya ce. "Wa zai saurare ni? Cewa za su yi na zare."

Na zazzaga masa masifa. Na ce shi ya kashe mini aiki, na ce bai san komai ba sai kwaɗayin 'yan canji. Da na gama sai ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Yaya. Kai ka turo min." Har yau in na tuna wannan kiran kunya nake ji.

Wata Litinin da safe shugabar ta kira ni ɗaki na biyu ta rufe ƙofa. An soke shirin Najeriya, za a mayar da ƙarfi kan Brazil. Ita ma an ce ta koma Chengdu ƙarshen wata, a ƙaramin matsayi, saboda watanni biyun da ta sa injiniyoyi suka ɓata.

"Duk abin da ka faɗa game da mutanenka gaskiya ne," ta ce. "Na nemi su ba ka takardar ko ta shekara ɗaya ce. Sun ƙi."

Na so in ba ta haƙuri, ita ma ina jin abin da take so ke nan, sai muka tsaya muna kallon tebur.

Saura wata uku a lokacin. Na nemi aiki ido rufe, wurare sun fi a ƙirga. Da an ji maganar biza sai a ce za a neme ni. Dattijon da muke haya tare a Lewisham, mutumin Kumasi ne mai aikin gadi, ya same ni a kicin na yi tagumi.

"An yi cancel ɗin aikin, ko?" ya ce. "Kai dai ka zauna abinka. Mutum nawa ne a garin nan ba paper? Ka yi shiru, ka yi aikin cash in hand, a biya ka a hannu, Allah na nan."

Na san irin zaman da yake nufi. Na ga masu yin sa, ko motar 'yan sanda ce ta wuce sai sun sauya hanya, uwarsu ta rasu ba su je ba. Na ce masa ba zan iya ba, na sayi tikiti.

Saura kwana tara in tashi na kira mahaifiyata don in gaya mata zan dawo gida. Akwatina a buɗe a kan gado, na gama shirya maganar a raina. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta karɓe zancen.

"Kai, unguwar nan ba a maganar kowa sai taka," ta ce. "An ce kai ka yi wasan nan da Sinawa. Jiya ma maƙwabcinmu ya zo har tsakar gida, ɗansa ya gama digiri, yana roƙon ka sama masa gurbi a kamfaninku. Na ce masa kai yanzu ka zauna a can, sai dai mu riƙa ganinka da hutu. Me zan ce masa?"

Na zauna a bakin gado. Ina jin muryarta cike da farin cikin da rabon da in ji shi tun rasuwar mahaifinmu.

"Kana ji na kuwa?"

"Ina ji, Umma," na ce. "Ki ce ya turo takardunsa."