Zalika Mai Kopto da Jinin da Ba Ya Tsayawa

Zalika Bazabarma ce, haifaffiyar unguwar Kirkissoye a Yamai. Hausarta a unguwar Kalley ta tsince ta, inda take sayar wa teloli da direbobi kopto, wato kwaɗon zogale, shi ya sa ta fi ƙwarewa a Hausar faɗa bisa ta gaisuwa. Mijinta Sumana taksi yake ja. Ba wanda ya damu da zamanta a Yamai sai ranar da aka yi wa ɗansu Abdulrazak kaciya, jini ya ƙi tsayawa.

Nan take unguwa ta cika da likitoci. Wata ta ce maita ce, wani ya ce baki ne. Ƙanwar Sumana, wadda ko mura ba ta taɓa warkarwa ba, ta kawo toka ta ce a barbaɗa. Sai da yaron ya yi fari fat sannan Zalika ta fizge shi ta yi asibiti. Can aka ƙara masa jini, daga baya aka faɗa mata sunan ciwon: hemofili. Jininsa ba ya daskarewa, kuma ta wajen uwa ake gadonsa. Maganar gadon kaɗai dangin miji suka ji, suka kuma haddace ta.

A layin asibiti ta gamu da iyaye irinta, har da masu noman shinkafa daga Saga. Suka fara haɗuwa a rumfar gidanta ran Lahadi, suna koya wa juna yadda ake ɗora ƙanƙara bisa gwiwar da ta kumbura, suna sanar da juna in allurar ciwon ta iso gari. Allurar tana son sanyi, wutar Kirkissoye kuwa baƙuwa ce mai kunya, ba ta daɗewa. Abin da suke roƙo ke nan: firigo, wato firji, mai aiki da hasken rana.

Daraktan wata ƙungiyar agaji ya ji labarinsu, tausayi ya kama shi har ya kira 'yan talabijin. Aka tara su a otal, aka raba jajayen huluna. Darakta ya yi dogon jawabi da Faransanci a kan amosanin jini, ciwon da ba shi ya tara su ba. Sannan ya buɗe kwali ya miƙa wa kowane yaro sabuwar ƙwallo.

Zalika ta miƙe. "Ranka ya daɗe, mun gode. Amma yaran nan ko tuntuɓe suka yi sai gadon asibiti. Wa zai buga ƙwallon, mu ko kai?"

Aka yi ta tafi, Darakta ya fi kowa. Ya ce irin wannan murya yake son ji, za a kafa kwamitin firigo. Kwamitin yana nan lafiya lau. Allurar kuwa tana zaune a firigon Habibu mai lemu, wanda yake da injin wuta.

Daga nan Zalika ta haƙura da manya, ta koma bin wanzamai. Roƙonta ɗaya ne: kafin su zaro aska, su tambayi uwa ko a danginta akwai namijin da jini ya taɓa ƙi masa tsayawa. Yawancinsu suka yi dariya, wai mai zogale za ta koya musu gadonsu. Wani tsohon wanzami, Mu'azu, ya riƙe maganar.

Wata safiya aka kira shi kaciya a Saga. Ya tambayi uwar yaron, ta ce ai wanta ranar kaciyarsa ya rasu. Mu'azu ya ninke askarsa ya ce sai an gwada jinin yaron. Aka gwada, aka tarar da ciwon.

Yaron yana nan, yana lakkol, aji ɗaya da Abdulrazak, uwarsa ba ta fashin zaman Lahadi. Uban yaron kuwa, da ya riga ya gayyato dangi aka dafa shinkafar kaciyar da aka fasa, har yau in Zalika ta gaishe shi sai ya dubi gefe.