Shekara Bakwai da Tura Nafi'u Rami Saboda Rago

Bana shekara bakwai da rasuwar ƙanina Nafi'u, kuma har yau a Gafasa cewa ake yi kwana ne ya ƙare. Ban musa ba. Amma kwanan da ya ƙare, akwai wanda ya nuna masa hanya.

Da ya gama karatun kimiyya a Kano, gida ya dawo yana tara kashin shanu yana fitar da gas ɗin girki. Gas ɗin na zuwa haɗe da iskar kabon mai kashe wuta, sai ya riƙa matsa shi ta cikin durom na ruwan sanyi. Ruwan ya shanye kabon, wuta ta kama shuɗiya. Ya sha gaya mana cewa ruwan nan ajiya kawai yake yi, da an sake shi zai amayar da abin da ya sha. A wani tsohon rami mai zurfi bayan garke yake zubar da shi. Gari kuwa ya raɗa masa suna Mai Wankin Iska, har a ɗaurin aure.

Ranar da ragon layyar Baffa Ila, yayan mahaifinmu, ya faɗa ramin, Nafi'u ya durƙusa ya ce, "Baffa, a bari in zura fitila tukuna. In ta mutu, ba a shiga."

Baffa ya dubi mutanen da suka taru ya ce, "Kun ji ɗan boko. Ni zan sa ka aiki ka kafa mini sharaɗi?"

Aka yi dariya. A gidanmu yaro ba ya maimaita wa babba magana, sai ya kama igiya ya sauka. Ragon aka fara jawowa, sannan gawar Nafi'u.

A zaman makoki da kunnena na ji Baffa yana lissafa wa baƙi yadda ya yi kiwon ragon nan. Tuwon sadaka kuwa da icce muka dafa, don an riga an fasa durom ɗin.

Da Nafi'u zai leƙo yau, ban san ko dariya zai yi ba. Daga Gafasa har Ajingi, ba mai shiga rijiya yanzu sai an zura fitila. Abin da ya rage nasa ke nan, kuma ko sunansa babu a kai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ban yafe ba, ba kuma zan ɓoye ba.

Watan jiya ana yasar rijiyar masallaci, Baffa ya dogara sanda ya tsayar da masu aiki. Ya ce a zura fitila, haka iyaye da kakanni suka koya mana.