Tallan tuzuru a gindin takardar Alhaji

Jama'a, yau kwamfuta ta tona mini asiri a gaban babban mutum!

Alhaji Ummaru, dillalin albasa daga Aliero, ya shigo shagona a Jega. Yana so in mayar masa da sanarwar taron 'yan albasa PDF, in buga. Ashe taubashina Bashiru ya taɓa saitin manhajar, ya sa rubutu a gindin kowane shafi. Takarda na fitowa sai ga shi ɓaro-ɓaro: "Mai shagon nan tuzuru ne, a taimaka masa da mata."

Alhaji ya gyara tabarau ya karanta.

"Ɗana, mi ne ne wanga?"

Na ce, "Baba, yi haƙuri, yanzu zan goge shi."

Ya riƙe mini hannu. "Dakata! Ana iya canza shi ga tawa takarda kaɗai?"

Na ce ana iyawa.

"To cire tuzuru, sa gwauro, sa sunana da lambata. Naka ka bar shi ga takardun wasu."

Wallahi haka na buga! Yanzun nan ya kira ni yana dariya, wai wata bazawara daga Maiyama ta bugo tana tambayar buhun albasa nawa gare shi.