Kukan Jirgi na Uku

Gidanmu na unguwar Mansur a Makka hawa uku ne, mu ne a na ƙarshe, don haka rufin sama ya zama kamar namu mu kaɗai. A can kakata take suyar gyaɗa. Sunanta Asabe, amma Sitti muke ce mata, kamar yadda yaran Makka ke kiran kakanninsu. Da rana tana zama bakin titi da farantin gyaɗa da ƙullin yaji da daddawa, tana sayar wa mutanenmu. In an idar da magariba sai ta hau sama, ta hura gawayi a murhun ƙarfe, ta ɗora kasko da yashi ta soya ta gobe. Sanyin Makka ba ya daɗewa, amma a 'yan makonnin da yake zuwa iska kan gangaro daga duwatsu ta shiga ƙashin mutum. Ni da ƙanwata Safiya mukan matso jikin wuta, mu lulluɓa da mayafi ɗaya, muna murje ɓawon gyaɗa, ita kuma tana ba mu tatsuniya har a kira isha.

Tatsuniyoyinta da yawa na dariya ne. Guda ɗaya ce kawai muke tsoro, kuma ita muka fi roƙo. Ba kullum take yarda ba. Ranar da ta yarda, sai ta ajiye ludayi, ta jawo wata tsohuwar kwalba kusa da ita, ta ce, "Ga wata nan tana tafe a kan ruwa."

Mu ce, "Ta iso mu ji ta, Sitti."

A sauran maganarta takan sirka da Larabci kamar kowa a unguwar, amma wannan tatsuniyar da Hausa zalla take yin ta.

Wai wani jirgin ruwa ne ya ɗauko maniyyata zai kai su Jidda. A cikinsu akwai wata mata ana ce mata Dije, mijinta ya rasu a hanya, daga ita sai 'yarta mai shekara biyar. Ruwan sha ya ƙare, jirgi ya ratse wani gari a bakin teku. Da hantsi shugaban jirgin ya tsaya a bakin tsani ya ce, "Mai sauka ya sauka. In jirgi ya yi kukan farko, ku bar abin da kuke yi. In ya yi na biyu, ku kasance a kan tsanin nan. Na uku ba da ku yake ba, da teku yake."

Yarinyar ta kwana da zazzaɓi, sai a lokacin barci ya ɗauke ta. Dije ta ce ba za ta tashe ta ba. Ta bar wa wata Bahaɗejiya da suke shimfiɗa kusa da juna amanarta, ta ɗauki gora ta sauka. A ƙasa ta tarar da wata tsohuwa mai sayar da dabino. Tsohuwar ta ce, "Baƙuwa, abu uku garin nan yake da shi. Akwai rijiya mai ruwan daɗi, akwai kasuwa, akwai dutsen da ake hango ƙasa mai tsarki daga kansa. Ɗaya za ki iya. Zaɓi."

Dije ta yi dariya ta ce, "Ƙafar da ta tako daga Kano, wannan ɗan garin ne zai gagare ta?"

Ta fara da rijiya, ta cika wa 'yarta gora. Ta biya kasuwa, ta ga wasu 'yan takalma jajaye, ta tuna ƙafar yarinyar duk ta tsage, ta tsaya tana auna su da tafin hannunta. Nan Sitti za ta ɗauki kwalbar nan ta kai baki ta hura. Huuuu. Safiya sai ta cusa kai a cinyata.

Dije ta ji kukan, amma ta ɗaga kai ta ga dutsen nan kusa-kusa. Ta ce bari ta hau ta fuskanci ƙasa mai tsarki, ta roƙa wa 'yarta lafiya. Kuka na biyu a kan dutse ya same ta. Ba ta hango ƙasa mai tsarki ba. Abin da ta hango jirgi ne, ɗan ƙarami can ƙasa, hayaƙi na tashi, maza na kwance igiya. Ta gangaro da gudu. Lungunan garin duk iri ɗaya ne, ta shiga wannan ya maido ta wancan, duk wanda ta tambaya ba ya jin Hausa. Goran ya faɗi ya fashe, ba ta waiwaya ba. Tana isa bakin ruwa jirgi ya yi kuka na uku. Tsakaninta da shi ruwa bai fi taku biyar ba, sai ya zama goma, sai ya zama fili guda. Ta tsaya da takalma a hannu tana ihu.

Sitti ba ta hura kwalba a na uku. Sai dai ƙarar yashi a kasko.

Nakan ce, "Sitti, yarinyar fa?"

"Barci take."

"Da ta farka fa?"

"Miƙo min faifan nan, gyaɗa za ta ƙone."

Wani lokaci tatsuniyar kan canza. Yau takalma ne, gobe zane ne na yarinyar, jibi maganin zazzaɓi. Safiya takan yi gardama ta ce, "Wancan karon takalmi kika ce." Sitti ta ce, "To yau na ce zane."

Tsoron tatsuniyar nan ya bi ni ko'ina. In muka shiga cunkoson Harami nakan riƙe mayafin mahaifiyata har yatsuna su ƙage. In ta sauka daga mota ta ce ga ta nan zuwa, direba kuma ya danna hon, sai in fashe da kuka. Mutane suna cewa na cika shagwaɓa. A raina kuwa haushin Dije nake ji. An ce mata ɗaya, me ya kai ta uku?

Sitti ta rasu ina da aure da 'ya'ya biyu. Bayan kwana uku muna ninke kayanta ni da mahaifiyata, na tuno tatsuniyar, na ce da dariya, "Kai, Sitti ta sha tsorata mu da matar jirgi."

Mahaifiyata ta tsaya da zane a hannu. Ta ce, "Ke ba ki taɓa tambayar kanki dalilin da Sitti ba ta da dangi ko ɗaya ba? Ita ce yarinyar. A tsakiyar teku ta farka. Bahaɗejiyar nan ita ta raine ta, ita ta yi mata aure. Sunan garin ma ba wanda ya riƙe." Ta ce tun Sitti tana budurwa, duk shekara in alhazai suka sauka takan bi masaukansu tana tambaya ko an ga wata Dije a hanyar teku, har ta gaji ta daina.

Ban iya ƙarasa ninke kayan ba ranar.

Shekarar da ƙaramar 'yata Hanan ta gama jami'a, ta matsa sai mun shiga jirgin nan na shaƙatawa da ke tashi daga Jidda, ya yi 'yan kwanaki a Bahar Maliya yana tsayawa gari-gari. Mahaifinta yana cikin shirin abincin alhazai na Arfa, ba zai samu zuwa ba, sai ya ce mu je mu biyu. Ban gaya wa kowa tsoron da nake ji ba. A gari na farko na ƙi sauka, na ce kaina ke ciwo, na kuma hana ta. Ta wuni a bakin taga tana fushi.

Gari na biyu Aƙaba ne, a ƙasar Jodan. An ce awa shida za a tsaya. An kuma faɗa ƙarara cewa jirgi yana jiran motocinsa na kai fasinjoji yawo in sun makara, amma wanda ya tafi don kansa ba a jiransa. Da safe Hanan ta nuna min wayarta, ta jera wurare biyar da take son mu je.

Na ce, "Ɗaya."

"Ummi, haram alaiki, ki tausaya min! Awa shida fa."

"Ɗaya, ko mu zauna."

Ta zaɓi Wadi Ram, sahara mai jajayen duwatsu, tafiyar kamar awa guda. Motocin jirgi sun riga sun cika, sai muka ɗauki tasi. Na lissafa lokaci sau uku kafin in shiga.

Wurin ya fi ƙarfin bayani. Ni da na tashi a cikin duwatsu, ban taɓa ganin irin waɗannan ba, ja wur, ga shiru kamar duniya ba kowa. Hanan tana ta dariya iska na kaɗa mayafinta. Lokacin komawa ya yi, ita ce ma ta ce, "Yalla Ummi, mu tafi." Sai ga wata dattijuwa 'yar ƙauyen wurin ta yafito mu daga rumfarta, shayi na kan gawayi. Ƙamshin ya daki hancina. Ni da bakina na ce, "Kofi ɗaya kawai, mu yi la'asar a nan, sai mu wuce."

A hanyar dawowa wata babbar mota ta lalace ta tare hanya. Muka tsaya cak. Direban yana ta cewa, "Insha Allah, hajja, insha Allah," ni kuwa idona na kan agogo. Duk addu'ar da na fara sai ta kuɓuce min a tsakiya. Da ƙyar hanya ta buɗe. Ya sauke mu a ƙofar tashar jiragen, don ba a barin tasi ya wuce nan, ga jirgin can nesa, fari, kamar bene. Muka fara sauri. Gwiwoyina sun daɗe da lalacewa, ban yi nisa ba numfashina ya fara sarƙewa.

Sai jirgin ya yi kuka. Har cikin cikina na ji shi. Nan take na ji ni 'yar shekara bakwai ce a jikin murhu.

Hanan ta zare hannunta daga nawa. Ta ce, "Ummi, bari in ruga in ce su jira. Ke ki taho a hankali." Har ta yi taku uku.

Ban san ina da irin wannan muryar ba. "Hanan! Dawo!" Na damƙo bayan abayarta har ta yi taga-taga. "Ba inda za ki ba tare da ni ba."

"Ummi, fasfo ɗinmu yana ciki! Kayanmu! Sake ni, zan cim masa!"

Na san za ta cim masa, abin da nake tsoro ke nan. A raina na hango ta ta haye, an janye tsani a bayanta, tana sama ina ƙasa. Na ce, "In zai tafi ya bar mu tare."

Haka muka ƙarasa, tana kuka tana jana, ina ɗingishi ina riƙe da ita. Muna isa an riga an janye tsanin. Ruwa ya buɗe tsakaninmu da jirgin, kore, yana tafasa, yana ƙara faɗi. Mutane a sama suna nuna mu da hannu. Na tsaya ina kallon fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, kamar akwai wadda nake nema a ciki, alhali tawa tana hannuna.

Wani mutum ya nufo mu da ambulan na takardu a hannu, wakilin jirgin ne a garin. Ashe in fasinja ya makara, a hannunsa ake barin takardunsa. Ya ba mu fasfo ɗinmu, ya nuna mana masauki, ya ce kayanmu sai Jidda. Kashegari muka kamo hanyar gida ta mota.

Tun ina yarinya na ɗauka darasin tatsuniyar shi ne kada mutum ya yi kwaɗayi. A bakin ruwan nan na ga kofin shayi ɗaya ya isa. Na kuma gane wani abu da ban taɓa lura da shi ba. Sitti barci take a ranar. Ba ta ga rijiya ba, ba ta ga kasuwa ba, ba ta ga dutse ba, ba kuma wanda ya dawo ya ba ta labari. Ita ta gina garin nan lungu-lungu a ranta. Duk yadda ta juya tatsuniyar, abin da ya tsayar da Dije na yarinyar ne, kuma a kowane karo Dije da gudu take dawowa. Mu take tsoratarwa, amma kanta take rarrashi. Shekara saba'in da ɗoriya tana gaya wa kanta cewa ba da gangan aka bar ta ba.

Hanan ba ta yi min magana ba sai da muka tsallaka iyaka. A nan na ba ta labarin duka, da Hausa, a hankali, ina maimaita mata da Larabci inda ta kasa ganewa. Ta daɗe tana kallon teku ta taga. Sannan ta ce, "Ummi, kina ganin Dijen ta neme ta?"

Ban sani ba, kuma ba mai sani sai Allah. Amma na riga na tsaya a inda ta tsaya.

Na ce, "Ta nema. Har ta mutu tana nema."