Haladu da Taurarin Tasha

Haladu ɗan Hamma Sajo bai taɓa daɗewa a kan sana'a ɗaya ba. A rugar mahaifinsa da ke kusa da Ɗanzomo aka haife shi. Ya yi kiwo har ya kai shekara goma sha bakwai, sai ya ajiye sanda ya shiga gari. Ya yi dako a kasuwar Gumel, ya koyi facin keke na wata biyar, daga nan ya zama karen mota a wata babbar mota mai jigilar gyaɗa. Matarsa Sabuwa takan ce ko tuwo ta ajiye masa, rabi a zaune yake ci, rabi a tsaye.

Motar gyaɗar ce ta kai shi Nguru a shekarar 1970. Ana sauke kaya ya hango ma'aikatan jirgin ƙasa suna buga ƙwallo a bayan tasha, ya ce bari ya leƙa. Kafin ya dawo, direba ya gaji da jira ya tafi. Washegari ya biyo jirgi ya sauka a Gagarawa Tasha, ɗauke da wata tsohuwar ƙwallon fata da wani ma'aikaci ya ba shi saboda ta fashe. Shi kuwa ya iya faci.

A tashar ya sami aikin loda buhunan gyaɗa a tarago, ya ɗauko Sabuwa suka kama ɗaki. Kullum bayan la'asar sai ya hana leburori sakat, yana bin su ɗaya ɗaya har su fito fili. Da ranin 1971 sun kai mutum goma sha huɗu. Wani dogon lebura mai suna Mu'azu, wanda ba a taɓa jefa masa buhu ya suɓuce masa ba, shi aka sa a gola. Suka sare rassan darbejiya suka kafa turaku. Sabuwa ta kai singiletinsu marina aka rina da baba, ta ɗinka wa kowace farin tauraro a ƙirji. Suka sa wa kansu suna Taurarin Tasha.

Wasansu na farko da malaman makaranta da ma'aikatan ofis na Gumel ne, aka zura musu bakwai, ba su rama ko ɗaya ba. Haladu ne kyaftin, amma babu inda bai buga ba a filin. Yanzu yana gaba, yanzu yana baya, har ƙwallon da ke hannun golansa yake so ya karɓe.

Da aka tafi hutun rabin lokaci Mu'azu ya ce masa, "Kyaftin, don Allah ka tsaya wuri ɗaya mu san inda kake."

Haladu ya ce, "To ita ƙwallon tsayawa take yi?"

Fili ma bai zaunu musu ba. Da kaka ta yi aka jibge buhuna a inda suke wasa. Suka koma gefen fadama, masu lambu suka kore su. Suka share wata saura kusa da maƙabarta, dattawa suka ce bai dace ba. Kowane karo Haladu ne ke tuge turaku ya saɓa a kafaɗa, sauran su biyo shi.

Sai damina ta ƙi a 1973. Gero ya bushe a tsaye, gyaɗa ba ta zo tasha ba, aikin lodi ya tsaya. Ana cikin haka Hamma Sajo ya aiko a kira ɗansa. Haladu ya tarar da tsohon zaune a bakin garke, shanu sun rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu.

Ya durƙusa ya gaida shi. Tsohon ya ce, "Haladu, na ji labarin kana bin fatar saniya da ƙafa. To ga masu fatar nan suna mutuwa. Jibi za mu yi kudu da su, ni kaɗai ba zan iya ba."

"To, Baffa," in ji Haladu.

Wata biyar suka yi a ƙasar Ningi. Sun tafi da shanu arba'in da biyu, suka dawo da goma sha ɗaya. Da Haladu ya koma Gagarawa Tasha bai tarar da ɗan wasa ko ɗaya ba. Wasu sun tafi Kano ci-rani, wasu Legas. Turakun ma an yi girki da su. Sabuwa ce ta fito masa da riguna tara da ta bi gida gida ta karɓo, ta kuma gaya masa Mu'azu yana Maigatari yana aiki a kara, wato kasuwar dabbobi. Kwana uku bayan nan suka ɗaure kayansu, ta goya jaririyarsu Laure, suka hau mota.

Maigatari a lokacin cike take da samarin makiyaya da fari ya raba da dabbobinsu, na ƙasar Gumel da na Damagaram daga ƙetaren iyaka. Ran Alhamis su sami aikin riƙe dabba ko loda ta a mota, sauran kwana shida su zauna a inuwa suna kallon hanya. Haladu ya san irin wannan zaman, kuma ba ya iya ganinsa. Ya roƙi sarkin kara ya ba su aron gefen kasuwar in ba ranar ci ba. Duk Juma'a da safe sai sun kwashe kashin shanu da na raƙuma kafin a sami wurin taka ƙwallo. Sunan kulob bai canza ba, ko da yake babu jirgi a garin. Mutane suka ɗauka tashar mota ake nufi.

Waɗannan samari ba su san gajiya ba. Ba takalmi suke wasa, suna kiran juna da Fulatanci, abokan karawa su rasa me ake ƙullawa. Wanda ya fi kowa shi ne Hussaini, wani siririn saurayi daga wata ruga a bayan Dungas, a ƙetaren iyaka, wanda yake ce wa ƙwallo balan. A ƙarshen 1974 suka koma Gumel suka ci ma'aikatan nan biyu da ɗaya, duka biyun Hussaini ne ya zura. Daga nan aka fara gayyatarsu wasan sallah a Sule Tankarkar da Gagarawa, har da garuruwan cikin Nijar.

Wannan bai ishi Haladu ba. Yana so a riƙa jin sunansu a rediyo. A 1976 ya tafi Kano neman a sa su cikin gasar jiha. Wani jami'i ya saurare shi da mutunci, sannan ya zayyana masa sharuɗɗa: fili mai shinge, takalma, da takardar shaidar cewa kowane ɗan wasa ɗan ƙasa ne. Shida daga cikin 'yan wasansa na ƙetare ne.

Ya dawo ya tara su a kara. Yana magana yana kai da kawo, bai dubi idon kowa ba. Ya ce shinge za a iya yi da karan dawa, takalma za a nema, amma mutum shida sai dai su riƙa buga wasan sallah kawai.

Mu'azu ya ce, "Kyaftin, da wa muka kwashe kashin shanun nan shekara biyu?"

Haladu ya ce, "Ni na kafa dokar? So kake mu tsufa muna wasa a bayan raƙuma?"

Hussaini ya miƙe tsaye. Ya cire rigarsa mai tauraro, ya ninke ta, ya ajiye a gindin turke, ya tafi. Sauran biyar suka bi shi. Juma'ar da ta biyo, mutum huɗu ne suka zo share fili, Mu'azu ba ya ciki.

Haladu ya yi mako guda yana zagaye gari kamar wanda ya yar da wani abu. Ran nan da hantsi ya shigo gida a karo na uku, Sabuwa ta ɗago daga surfe ta ce, "Malam, kai ma ka san inda ya kamata ka je. Ka daina tattake mini tsakar gida."

Ya ari keke ya ƙetare iyaka. Yashi ya sa ya fi tura keken fiye da hawansa, sai bayan azahar ya isa rugar. Ya tarar da Hussaini yana ɗebo ruwa a rijiya. Haladu ya karɓi igiyar gugan ya taya shi ja, sai da suka cika kwami sannan ya ce, "Na yi kuskure. Ka yafe mini." Hussaini ya ce ya ji, amma ba zai dawo ba sai bayan girbi. Ya kuwa cika alkawari. Huɗu daga cikin shidan suka dawo, biyu ba a sake ganinsu ba, Mu'azu ma ya dawo gola. Maganar Kano ba a ƙara tayar da ita ba, Taurarin Tasha ba su taɓa shiga wata gasa ba.

A 1978 gwiwar Haladu ta gurɗe a wani wasa a Ɗanzomo, mai ɗori ya ce ya haƙura da gudu. Ya gwada tsayawa a bakin fili yana ba da umarni, abin ya gagare shi, sau biyu alƙalin wasa yana fitar da shi daga cikin fili. Shekara na zagayowa ya sami lasin tuƙi, wani ɗan kasuwa ya ba shi motar ɗaukar hatsi zuwa Damagaram. Ya so su koma can da zama, Sabuwa ta ce ita ta gama ɗaure kaya, Laure kuma ta shiga firamare. Ya bar su a Maigatari, ya miƙa wa Mu'azu kulob ɗin da famfon hura iska da ƙwallo biyu.

Wasan farko da suka buga ba shi, a Sule Tankarkar, an ci su uku da ɗaya. A bakin iyaka ya ji labarin, daga bakin wani direba, suna jiran a duba takardunsu. Ya sauko daga mota yana ɗingishi, ya riƙe hannun mutumin, ya ce sai ya gaya masa wa Mu'azu ya sa a gefen hagu.